Yadda Ake Zaɓar Tayar Babbar Jif a Legas, Daga Takardar Jikin Ƙofa Har Zuwa Ɗaure Noti

Babbar jif irin su Land Cruiser, Prado, Lexus LX 570, GX 460, Sequoia, Patrol ko Escalade, nauyinta ya haura tan biyu tun ba a zuba mata mutane da kaya ba, wasu ma sun doshi tan uku. Duk wannan nauyi a kan taya huɗu yake zaune, kuma abin da ke taɓa kwalta daga kowace taya bai fi tafin hannun babban mutum da ɗan wani abu ba. A Legas taya na shan azaba iri uku: zafin kwalta a cikin gosulo, ramuka masu kaifin baki da ruwan damina ke ɓoyewa, sai kuma doguwar tafiya idan an tashi zuwa gida da Sallah, mota cike maƙil, ko ta Ilori da Jebba da Mokwa, ko ta Okene da Lokoja. Tayar da ba ta dace ba takan yi haƙuri a cikin gari, sai an hau babbar hanya ta tona asirin kanta.

Galibin kuskure a wurin saye ake yin sa. Maigida ya aiki direba kasuwar Ladipo ko ta Trade Fair, abin da ya ce masa kawai shi ne "rim 18", mai shago kuwa ya miƙo abin da ke gabansa. Lambar rim ɗaya ce daga cikin abubuwa biyar da ya kamata a je da su.

Fara da buɗe ƙofar direba

A jikin ginshiƙin ƙofar direba akwai takarda manne wadda kamfanin da ya ƙera motar ya rubuta girman taya da yawan iskar da ya dace da ita. Wannan takarda ita ce alƙali. Kada ka kwafi lambar da ke jikin tayar da ke kan motar yanzu, musamman idan motar tokunbo ce, wato ta hannu da aka shigo da ita daga waje, domin dillalai kan ɗora duk tayar da ta shiga rim don mota ta fita daga hannunsu. In takardar ta goge ko an yi fenti a kanta, a duba littafin motar.

Ɗauki misalin Prado, wadda da yawanta ke zuwa da 265/65R17 112H. Lamba ta farko, 265, faɗin taya ne a milimita. Ta biyu, 65, ba milimita ba ce, kaso ne: tsayin gefen taya, wato robar da ke tsakanin bakin rim da kwalta, kashi 65 ne cikin ɗari na faɗin. Kenan 265 sau 0.65, milimita 172. Harafin R na nuna irin saƙar da ke cikin tayar, kuma kusan duk tayar jif ta yau haka take. Sai 17, girman rim a inci. Ragowar biyun, 112 da H, su ne nauyin da tayar ke iya ɗauka da iyakar gudunta, kuma su ne mutane suka fi tsallakewa.

Akwai lissafi ɗaya da ya kamata ya zauna a kanka, domin duk maganar canjin girma a kansa take. Tsayin taya gaba ɗaya shi ne gefe sau biyu, a haɗa da girman rim bayan an mayar da shi milimita. Inci ɗaya milimita 25.4 ne. A 265/65R17, gefe biyu sun ba da 344.5, rim ya ba da 431.8, jimla milimita 776. In ka yi wa 265/60R18 irin wannan lissafi za ka samu 775. Shi ya sa Toyota ke sa wa Prado kowanne daga cikinsu ba tare da an taɓa komai ba: rim ya ƙaru, gefe ya ragu, tsayi yana nan. Haka abin yake a Land Cruiser 200 da LX 570, inda 285/65R17 ke da 802, 285/60R18 ke da 799, 285/50R20 kuma 793.

Lambar nauyi ba a yin ciniki a kanta

Lambar nan ta 112 ba kilo ba ce, alama ce da ake dubawa a jadawali. 110 na nufin kilo 1,060 a kowace taya, 112 kilo 1,120, 114 kilo 1,180, 116 kilo 1,250, 120 kilo 1,400, 121 kuma kilo 1,450. Ƙa'idar a taƙaice take: ka sayi daidai da abin da kamfani ya sa ko sama da shi, ƙasa kuwa ko da lamba ɗaya a'a. Mutum zai ce taya huɗu masu 1,120 ai sun ba da kilo 4,480, motar kuwa ba ta kai haka ba. Gaskiya ne, amma nauyi ba ya rabuwa daidai. In aka cika kujerun baya da mutane, aka loda buhunan tsaraba a but, aka ɗaura wasu a saman rufi, ƙafafun baya ke ɗaukar kaso mafi yawa. Idan aka taka birki da ƙarfi ko aka sha kwana, nauyin kan tattaru a kan taya ɗaya ko biyu na ɗan lokaci. Kuma wannan adadi na jadawali sai tayar na da cikakkiyar iska take kai shi. Rarar da ake gani ba ta banza ba ce.

Za ka ga wasu tayoyi da harafin P a gaban lambar, wasu da LT, wasu kuma da XL a bayanta. Mai P tayar motar fasinja ce a tsarin Amurka, kuma idan aka ɗora ta a kan jif ana raba nauyinta da 1.1, wato mai 1,120 ta koma kusan 1,018. XL an ƙara mata ƙarfi, tana ɗaukar iska da kaya fiye da takwararta mai girma ɗaya. LT kuwa tayar ƙananan motocin ɗaukar kaya ce, gefenta kauri, ana rarraba ta gwargwadon ƙarfinta da C, D da E, abin da 'yan kasuwa ke kira 6, 8 da 10 fulai. Tana jure rami da ƙusa sosai, amma tana da nauyi, tana ƙara shan mai, tana sa mota tsalle a kan gargada, kuma tana bukatar iska fiye da wadda ke kan takardar ƙofa kafin ta ɗauki nauyi iri ɗaya. Wanda zirga-zirgarsa ba ta wuce Ikoyi zuwa Ikeja ba, LT mai E wahalar da kai ce kawai. Wanda ke shiga gona ko wurin aikin gini ta bayan Epe da Ikorodu, ko yake jan tirela, shi ya kamata ya duba ta. Mota mai sulke kuwa maganarta daban ce: sulken ya ƙara mata nauyi mai yawa, takardar ƙofa ta daina aiki a kanta, sai a bi abin da kamfanin da ya yi sulken ya rubuta.

Harafin gudu kuma: S kilomita 180 a awa, T 190, H 210, V 240. Ba wanda ke cewa ka yi wannan gudun, dokar babbar hanya ma 100 ta ba ƙaramar mota. Amfanin harafin shi ne yana nuna yadda tayar ke jure zafin da take tarawa a cikinta, kuma zafi ne ke fasa taya. A kan wasu tayoyin za ka ga an rubuta Temperature sai A, B ko C a gabansa. Mai A ce ta fi jure zafi. Ga wanda zai ratsa tsakanin Mokwa da Kontagora da tsakar rana a watan Maris ko Afrilu, a nemi A, in ba a samu ba B, a bar C a shago.

Wane irin zane?

Iri uku ne a kasuwa. H/T ta kwalta ce, zanenta ƙanana, ba ta da ƙara, ta fi kama birki a jiƙaƙƙen titi, ta fi sauƙin mai. A/T ta raba ƙafa, tana yin kwalta tana yin burji, kafaɗarta ta fi ƙarfi. M/T ta taɓo ce, mai manyan haƙora.

M/T tana da kwarjini, shi ya sa samari ke son ta, amma a Legas ba ta da riba. A kan gadar Third Mainland, mai tsawon kilomita 11.8, kukanta kaɗai zai hana ka jin wanda ke kujerar baya, tana saurin ci ba daidai ba, kuma a kan jiƙaƙƙiyar kwalta birkinta ya fi na sauran tsawo domin robar da ke taɓa titi ba ta da yawa. Tsakanin H/T da A/T kuwa, ka ƙirga tafiyarka ta wata guda da gaskiya. In tara cikin goma kwalta ce, H/T mai kyau ta isa. In unguwarku titinta ya fashe, ko ana yawan zuwa ƙauye, A/T mai matsakaicin zane ta fi. Ba a banza Land Cruiser da Prado da yawa ke fitowa daga kamfani da Dunlop Grandtrek na jerin AT ba. A wannan aji akwai Bridgestone Dueler, Yokohama Geolandar, Michelin LTX, Goodyear Wrangler, sai BFGoodrich KO2 ga mai son wadda ta fi tauri. Akwai masu sauƙin kuɗi irin su Maxxis da ke aiki lafiya. Sabuwar taya ta matsakaicin kamfani mai daidai lamba ta fi tsohuwar babban kamfani nesa ba kusa ba.

Maganar canza girma

A nan ne aka fi ɓarnar kuɗi, kuma canjin iri biyu ne da mutane ke cakuɗawa.

Na farko shi ne ƙara girman rim, a cire 18 a sa 20 ko 22 don ado. Tunda tsayin taya gaba ɗaya ba zai canza ba, duk incin da aka ƙara wa rim daga roba aka zabge shi. Gefen 285/60R18 milimita 171 ne, na 285/50R20 bai kai 143 ba, na 285/45R22 da ke zuwa a kan Escalade da Tahoe kuma 128 ne. Wannan robar ita ce katifar da ke tsakanin bakin rami da rim. Idan mota mai tan uku ta faɗa rami da gudu, taya na matsewa har gefenta ya naɗe tsakanin kaifin kwalta da ƙarfe. In gefen gajere ne, zaren da ke ciki ya tsinke, bayan kwana biyu sai ka ga ƙululu ya fito kamar ƙwai, ko rim ya lanƙwashe iska ta riƙa zurarewa a hankali. Ƙululu ba ya gyaruwa, tayar ta tafi kenan ko da jiya aka saye ta. Duk wanda ya san hanyar Apapa zuwa Oshodi ko ta Badagry da damina ya san ba a iya kauce wa ramin da ruwa ya rufe. A ganinmu, a titunan Legas rim 17 ko 18 ya fi wa babbar jif alheri, kuma mai LX 570 da ke fasa taya a kai a kai ya kamata ya yi tunanin sauka daga 20 zuwa 18. Bambancin tsayi tsakanin 793 da 799 bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba, tayar 18 kuma ta fi saukin samu idan tsautsayi ya faɗa a hanya nesa da birni.

Kafin a canza rim, abu uku ake gwadawa. Ramukan noti: Land Cruiser 200 da LX 570 biyar ne, a tsarin 5x150, wato ramuka biyar a kan da'ira mai faɗin milimita 150, Prado da GX 460 da Hilux kuwa shida ne, 6x139.7, don haka rim ɗin wannan ba ya shiga wancan. Sai a tabbatar ƙaramin rim ɗin ba ya gogar kan birki, a ɗora shi a ƙafar gaba a juya da hannu a gani. Na uku shi ne zurfin rim, wato yadda yake shigewa ciki ko fitowa waje. Wanda ya fito waje da yawa yana sa taya gogar madigadi, yana kuma gajiyar da boris ɗin ƙafa.

Canji na biyu shi ne ƙara tsayin tayar kanta a kan rim ɗin da ake da shi, don mota ta ɗaga. Abin da masu sana'ar suka saba bi shi ne kada bambanci ya wuce kashi 3 cikin ɗari na tsayin asali. A Prado mai 776, 275/65R17 na ba da 789, ƙarin kashi 1.7, ba matsala. 265/70R17 na ba da 803, ƙarin kashi 3.4, ta ɗan wuce iyaka, da yawa na sa ta amma sai an gwada. 285/70R17 kuwa 831 ce, ƙarin kashi 7, wannan ba ta zama lafiya sai an ɗaga mota an kuma yanke wasu robobi.

Ka san abin da kake saye da abin da kake biya. Daga 776 zuwa 803 an ƙara milimita 27, amma rabinsa kawai mota ke ɗagawa, wato milimita 13, kaurin ɗan yatsa. Wannan ba zai ƙetarar da kai ambaliyar Lekki ba. A ɗaya ɓangaren, maleji zai fara yi maka ƙarya: yana nuna 100 kana kan 103 da ɗoriya, kilomitocin da yake ƙirgawa kuma sun gaza na gaskiya, lokacin juyen baƙin mai ya riƙa wucewa ba ka sani ba. Mota za ta ɗan yi nauyin tashi, giya ta riƙa sauka da hawa a kan tudu, birki ya ƙara aiki. In har an yanke shawarar yi, a ɗora taya ɗaya a gaba tukuna, a sauke mota daga jak, a karya sitiyari har ƙarshe hagu da dama, a leƙa a ga ko tana taɓa robar cikin madigadi ko ƙarfen ƙafa. A tuna cewa idan mota ta ɗauki kaya ko ta faɗa gargada tazarar na raguwa, don haka taya mai wucewa da ƙyar a tsaye za ta goga a tafe. Sannan a gwada ta a mazaunin safaya. A motocin da ke rataye safaya a ƙarƙashi, babbar taya kan ƙi shiga, sai ka wayi gari da huɗu manya da safaya ƙarama.

A shago: shekarar haihuwa da sauran abin dubawa

Michelin ta rufe masana'antarta ta Fatakwal a 2007, Dunlop ma ta daina ƙera taya a Ikeja a 2008. Tun daga nan kasuwa ta dogara da abin da ake shigowa da shi ta tashoshin ruwa, farashi na bin dala, kuma mai kyau da marar kyau a jere suke a rumfa ɗaya. Dole idonka ya yi aiki.

Nemi inda aka rubuta DOT a gefen taya, ka bi layin har ƙarshe. Lambobi huɗu na ƙarshe su ne ranar ƙira: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. 1524 na nufin mako na 15 a 2024. Sau da yawa a gefe ɗaya kawai ake buga su, sai an juya tayar. Roba na tsufa ko ba a hau ta ba, tana bushewa tana tsagewa, zafi da rana kuma na gaggauta hakan. Hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC ta daɗe tana wa'azin cewa shekara huɗu daga ranar ƙira ce wa'adin taya, jami'anta kuma na dubawa a hanya. Kamfanonin taya na ba da wa'adi mafi tsawo, Michelin alal misali na cewa a riƙa duba ta duk shekara bayan ta kai biyar, kada kuma ta wuce goma. Ko wanne ka bi, lissafin ɗaya ne: tayar da ta yi shekara biyu a sito ka sayi ragowar kwananta ne da kuɗin sabuwa. Ka nemi wadda ba ta wuce shekara ɗaya ba, kuma ka duba kowace ɗaya da kanka, kada a nuna maka ta sama a ɗora maka na ƙasa. Shafa wurin lambar da yatsa. In ya yi santsi fiye da kewayensa, ko lambobin sun karkace kamar an ƙona an sake bugawa, ka bar shagon.

Akwai kuma tayoyin da ake cusa wa juna, uku ko huɗu a cikin ɗaya, don a rage kuɗin kwantena. Hukumar kula da ingancin kayayyaki ta SON ta sha kama irinsu. Cusawar da zarewar na lanƙwasa wayar ƙarfen da ke bakin taya, inda take kama rim. Tsayar da tayar a ƙasa ka dubi bakinta ta ɓangarorin biyu, ya zama zagaye sumul ba lotsawa, ka kuma leƙa ciki da fitilar waya ka ga ko akwai ƙarzuwa ko naɗewa.

Tayar tokunbo kuwa, shigo da ita ma haramun ne a jerin kayan da kwastan ta hana, duk da cewa ta cika kasuwa. Araha ba ta ado. Ba ka san ramin da ta faɗa ba, ba ka san ko an taɓa tafiya da ita babu iska ba, kuma irin wannan lahani a ciki yake ɓuya. Wasu an sake tsaga musu zane da wuƙa mai zafi har kusa da waya, an shafe su da mai suna ƙyalli. Mafi haɗari su ne na ƙasashen sanyi. In ka ga hoton dutse mai kai uku da alamar ƙanƙara a cikinsa, zanen kuma cike da 'yan siraran tsaga kamar an yi da reza, mai yiwuwa tayar hunturu ce daga Turai ko Kanada. Robarta taushi gare ta don ta yi aiki a kan ƙanƙara. A zafin nan namu tana narkewa kamar sabulu, birkinta kuma ya yi tsawo. Wasu tayoyin A/T na gaskiya ma na ɗauke da wannan alama, don haka a haɗa da duba sunan samfurin.

Guda nawa za a canza?

Prado, Land Cruiser, LX da GX ƙafafunsu huɗu na ja a kowane lokaci, akwai giya a tsakiya da ke raba ƙarfi tsakanin gaba da baya. In tayoyin ba tsayi ɗaya ba ne, ƙafa ɗaya na juyawa fiye da sauran a duk tsawon tafiya, giyar tsakiya ta yi ta aikin da ba nata ba, na'urorin hana sulɓi kuma su riƙa samun labarin da bai dace ba. Mafi kyau a canza huɗu tare, kamfani ɗaya, samfuri ɗaya. In aljihu bai kai ba, a canza biyu, a sa su a layi ɗaya, kuma a baya. Mutane da yawa na ganin gaba ya kamata, tunda can sitiyari yake. Amma idan gaba ta zame a ruwa direba na ji a hannunsa ya sassauta, idan baya ta zame mota juyawa take yi, doguwar jif kuma ba ta da wuyar kifewa. Kada a haɗa LT da wadda ba LT ba, ko A/T da H/T, a layi ɗaya.

Lokacin canji kuma ba sai taya ta suɗe ba. A cikin kwarin zane akwai 'yan tudu da ke nuna milimita 1.6, ana samunsu daidai inda aka rubuta TWI ko aka yi ɗan kusurwa uku a kafaɗa. Wannan iyakar ƙarshe ce. Kwarin zanen shi ke kwashe ruwa daga ƙarƙashin taya, kuma a ruwan Yuni da Yuli na Legas, taya mai ƙasa da milimita 3 kan hau kan ruwa ta bar kwalta, sitiyari ya yi sakayau a hannu. In za a canza, a yi kafin damina ta kankama.

Wurin ɗorawa

A kai mota inda ke da injin cire taya. Ƙarfe da guduma na mai facin bakin titi na cin bakin rim na alminiyam, kuma a motocin da ke da na'urar auna iska a gindin bawul, irin su LX da Escalade, bugu ɗaya ya isa ya karya ta. A faɗa wa mai aikin tun kafin ya fara. In bawul ɗin roba ne zalla, a canza shi tare da tayar, kuɗinsa kaɗan ne. A duba rubutun gefe: mai kibiya da kalmar Rotation dole kibiyar ta bi juyawar gaba, mai Outside kuma wannan fuskar ce ke kallon waje. Ɗigon fenti rawaya, in akwai, a daidaita shi da bawul.

Balansin na kowace ƙafa wajibi ne, rashinsa ne ke sa sitiyari rawa idan an kai 90 zuwa 110. Kafin a yi saitin ƙafa kuwa, makaniki ya girgiza ƙafafun gaba ya duba tayirod, boljoyin, bushin da shokazoba. Saiti a kan ƙafa mai lilo asarar kuɗi ce, kafin ka kai Agege daga Mushin ya warware. Tsohuwar tayar ma tana ba da labari, a dube ta kafin a jefar: in gefe ɗaya ya cinye, saiti ne, in kafaɗu biyu suka cinye tsakiya na nan, ƙarancin iska ne, in tsakiya ce ta cinye, iska ta yi yawa, in cin ya yi tudu da kwari, shokazoba ta mutu. In ba a gyara sanadin ba, sabuwar ma haka za ta bi.

Noti a fara ɗaura shi da hannu, a bi su a gicciye, a ƙarasa da sifana mai auna ƙarfi daidai da adadin da ke littafin motar. Yaron gareji ya hau kan sifana yana tsalle, wannan ke miƙar da ƙusar ƙafa har wata rana ta tsinke. Bayan tafiyar kilomita 50 zuwa 100 a sake bin su.

Iska

Lambar da ke jikin taya bayan kalmar Max ba ita ake bi ba, iyakar abin da tayar ke iya riƙewa ce. Masu faci da yawa in suka ga babbar mota sai su ɗura 45 ko 50, wai ai jif ce. Abin da ke takardar ƙofa ga galibin waɗannan motoci tsakanin 29 ne da 35 a ma'aunin iska na psi, wasu takardun kuma na da layi na biyu na lokacin da aka cika kaya. In a ma'aunin kPa aka rubuta, 220 daidai yake da psi 32. Iska mai yawa na rage robar da ke kama titi, tana kuma sa taya ta yi tauri ta kasa shanye bugun rami. Ƙarancinta ya fi muni: gefe na ta lanƙwasawa yana tara zafi har roba ta rabu da waya, abin da ke kawo fashewa a kan gudu.

A auna da safe kafin a motsa mota, ko bayan ta huta awa uku. Ka sayi geji naka ka ajiye a mota, na bakin titi kowa da abin da yake nunawa. In ka tsaya shan mai a Ogbomosho ka ga iska ta hau da psi 4 ko 5, kada ka sace ta, zafi ne, za ta koma da kanta. Duk kilomita 8,000 zuwa 10,000 a juya tayoyin, na gaba su koma baya. Huda kuma in a tsakiyar zane take, ba ta wuce milimita 6 ba, a cire taya a yi mata faci ta ciki. Igiyar da ake cusawa ta waje ta kai ka gida ce kawai. Huda a gefe ko a kafaɗa ba ta da faci.

Kafin doguwar tafiya a sauko da safaya ƙasa, kada a tsaya leƙenta. A duba shekararta da iskarta, a zuba mai a sarƙar da ke riƙe ta, domin ruwan gishirin da take sha a unguwannin bakin teku na sa ta tsatsa ta ƙi kwancewa. A gwada jak ɗin a kan motar da kayanta a ciki, a kuma tabbatar sifanar da ke but tana kama notin rim ɗin da ke kan motar yanzu, musamman in an canza rim bayan an sayo ta.